Ku daina saka `unwrap()` a cikin `Drop`

'Yan uwa masu rubuta manhaja da Rust, akwai wata ɗabi'a da ta yi yawa, kuma yau sai na faɗi ra'ayina ko da wasu za su ji haushi. Mutum zai gina tarin zaren aiki (thread, wato ayyukan da ke gudana lokaci guda a cikin shiri ɗaya), ya rubuta `Drop`, lambar da Rust ke kira da kansa in an gama da abu, don a tattara su, sai ya cusa `join().unwrap()` a ciki (`join()` ta jira zare ya gama, `unwrap()` ta tayar da firgici in ta ga kuskure), ya kaɗe hannu ya ce ya kammala. Wallahi da sauran aiki.

Idan firgici, wato `panic!`, ya tashi a cikin zare, Rust ba ya yanke komai nan take. Komawa baya yake yi mataki-mataki, yana kiran `drop` na duk abin da ke hannu: a saki makulli, a rufe fayil, a mayar da ma'adana. Zaren ya mutu, duk wanda ya kira `join()` a kansa zai samu `Err`, alamar kuskure. Har nan lafiya lau. To amma a ce babban zaren shi ma yana tsakiyar komawa baya saboda tasa matsalar. Ya iso kan tarin nan naka, `drop` ta kira `join()`, ta ci karo da `Err`, `unwrap()` ta sake tayar da wani firgicin a cikin na farko. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Nan take Rust zai kashe shirin ɗungurungum. Sauran `drop` da ke layi ba wanda zai kira su, abin da ke cikin `BufWriter`, mai tara rubutu kafin a kai shi fayil, bai kai ga faifai ba, ya tafi ke nan.

Wasu na cewa wannan tsauri ne ya yi yawa. Ni ban yarda ba. Firgici biyu a zare ɗaya, wanne za a miƙa wa mai jira? Kuma wa zai ba ka tabbacin abin da aka share rabi aka bar rabi yana nan daidai? Mutanen C++ sun sha wannan wahalar tun kafin mu, shi ya sa daga C++11 duk kuskuren da ya tsallake daga cikin mai rushe abu (destructor, takwarar `drop`) yake ƙarewa a `std::terminate`, mai kashe shiri, sai dai in an ba shi izini na musamman. Laifin ba na harshen ba ne, namu ne da muka mayar da `drop` wurin kai ƙara, alhali ba ta da bakin magana: ba ta dawo da `Result`, hanyar da ake sanar da kuskure.

Abin da nake yi shi ne in rubuta `shutdown(self)` daban, wadda take jiran kowane zare, ta tara kurakuransu, ta dawo da su ga wanda ya kira ta, shi ya san yadda zai yi da su. `Drop` kuma ta zama ta ko-ta-kwana kawai: ta jira zaren, in ta ga `Err` ta rubuta a rajista, ta yi shiru. In ka nace sai ta yi ihu, to aƙalla fara tambayar `std::thread::panicking()`, in amsar e ce ka haƙura. Ita kanta ma'ajiyar kayan aikin Rust, wato `std`, haka take yi. `File` yana haɗiye kuskuren rufewa a `drop`, mai son tabbaci sai ya kira `sync_all()` da hannunsa.

Kada kuma a manta, babu alkawarin cewa `drop` za ta gudana ma. A kan wannan aka cire tsohuwar `thread::scoped` a 2015, dab da fitowar Rust 1.0, sai a 2022 `thread::scope` ta shigo a sigar 1.63. Ita tana jiran zaren duka su gama tukuna, sannan ta tayar da firgici guda ɗaya in akwai wanda ya faɗi ba a karɓi sakamakonsa ba. In aikinka zai shiga cikinta, yi amfani da ita ka huta.

Masu `thread_local!`, wurin ajiya na kowane zare shi kaɗai, ku naku ya fi tsanani. Idan `drop` na abin da kuka ajiye a can ta firgita yayin da zaren ke rufewa, ba sai an yi na biyu ba, shirin zai mutu kai tsaye, kuma `catch_unwind`, mai kama firgici, da ka nannaɗe aikin zaren da ita ba za ta cece ka ba, domin a lokacin an riga an fita daga cikinta.