Itacen da Ba Ya Shan Ruwa

Tsakiyar Disamba ce, hunturu ya kankama. A wata rumfa a Kasuwar Sabon Gari ta Kano, Bakano ya jera bishiyoyin Kirsimeti na roba. Bafulatani ya dogara sandarsa ya tsura musu ido. Ɗan Boko na kan benci yana jiran cajin waya.

Bafulatani: Aradu, Kaɗo, yau na ga ikon Allah. Daji ya bushe ƙarmas, itacenka kore shar. Wace rijiya yake sha?

Bakano: Ba ya shan ruwa, Ja'e. Ɗan Caina ne, daga garin Yiwu, a kwantena ya zo.

Bafulatani: Ina saiwarsa?

Bakano: Ba shi da saiwa. Ƙafa gare shi.

Bafulatani: To ka riƙa ɗaure shi da dare.

Ɗan Boko: Baffa, ba itace ba ne. Ƙarfe ne da robar PVC, irin ta fayif ɗin ruwa, tushenta man fetur. Ƙungiyar Carbon Trust ta Birtaniya ta yi lissafi: mai tsayin mita 2 tana jawo wa duniya kusan kilo 40 na hayaƙin da ke ɗumama yanayi.

Bakano: Kai yaro, da hayaƙi na hawa sikeli, da tuni ana sayar da shi a Kano.

Ɗan Boko: Bishiyar Kirsimeti ta gaske kuwa, in an ƙona ta ko an niƙe ta, hayaƙinta kilo 3 da rabi ne. In aka jefar a juji ta ruɓe, ya kai 16.

Bakano: Ahaf! Amma sare ta ake yi ko? Ka ga ni daji nake ceto. Kamata ya yi gwamnati ta ba ni lambar yabo.

Ɗan Boko: Alhaji, ba daji ake shiga ba. Noma ta ake yi a gona, kamar a Denmark. Shekara 7 zuwa 10 kafin ta isa sara, a sare a dasa wata.

Bafulatani: Tsaya. Shekara 10 mutum na kiwon itace. Bai ci ɗansa ba, bai sha inuwarsa ba, bai dafa tuwo da shi ba. Ya sa a ɗaki sati biyu ya yar?

Ɗan Boko: Haka ne.

Bafulatani: Kuma mu ake ce wa 'yan daji. Dabba na ci?

Ɗan Boko: A gidan zu na Berlin, waɗanda suka yi kwantai giwaye ake ba.

Bafulatani: Madalla, giwa ta yi shaida. Naka fa, Kaɗo? Bara akuyata ta haɗiye leda ɗaya tak, sai wuƙa.

Ana haka sai ga Mama Ladi da jakar cefane.

Bakano: Sannu da zuwa, Mama! Ga sabon yayi, bana aka sauke.

Ɗan Boko: Mama, in kin saya ki adana. Sai kin yi kamar shekara 10 kina kafa ta kafin ta biya bashin hayaƙinta.

Bakano: Shekara 10? In ci me kafin nan? Yaro, zare wayarka ka bar min rumfa!

Mama Ladi: To Alhaji, za ta kai shekara 10 ɗin?

Bakano: Goma kawai? Mama, har jikokinki sai sun yi rabon gado a kanta.

Bafulatani ya ɗan zungure ta da sanda. Reshe biyu suka faɗo, ganye ya watsu a ƙasa, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe.

Mama Ladi: Alhaji!

Bakano: Kin gani ko? Hunturu ne, lokacin zubar ganye. Har wannan Caina ta sa mata. Irin wannan ta fi tsada, ƙaro dubu 2.

Bafulatani: Mama, ki bari damina ta sauka, ƙila ta toho.