Rubutun rasit ba ya wanke mai shago

Ana yawan ɗauka cewa idan an rubuta "ba a dawo da kaya" a rasit, to magana ta ƙare: butar lantarki ta ja uwargida, ko blanda ta yanke mata yatsa, sai dai a yi mata sannu.

Ba haka ba ne a Najeriya. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar tarayya mai kare hakkin masu saye, wato FCCPC, ta ɗora alhakin rauni ko asarar dukiya a kan wanda ya sayar ko ya samar da kaya mai aibi, kuma ta hana a kauce wa alhakin da wani rubutu ko sanarwa. Ba ma sai wanda ya biya kuɗin ba. Amaryar da aka kai wa butar cikin kayan ɗaki tana da hakkin neman diyya.

Amma fa sai aibin ya kasance na kayan ne. Wanda ya jona wayar lantarki a buɗe da hannunsa, ƙorafinsa ba zai yi nisa ba. Shi ya sa jefar da butar don haushi kuskure ne. Ita ce babbar shaida, tare da rasit da takardar asibiti.