Ni da 'yan kifin rafi

Laifin ɗan yayata ne tun farko. Kun dai san shi da tambayar tsiya. An ce su kawo ɗan kifin rafi a kwalba su zana a makaranta, ni kuma bakina ya jawo mini, na ce aikin minti biyar ne. Daren ranar na sha karatu a waya, da safe muka ɗauki tsohon gidan sauro da kwalba, sai rafi.

Ga su kuwa gungu guda a kan tsakuwa, kowanne bai wuce tsawon yatsana ba. Duk sun juya kai sun fuskanci inda ruwa ke gangarowa, suna jiran ya kawo musu ƙananan ƙwari. Inuwata kawai ta faɗa kan ruwan, fit, babu ko ɗaya. Ashe jinsu ma ya fi ganinsu ban haushi. Akwai wasu ƙananan ƙasusuwa da suka haɗa jakar iskar da ke cikinsu da kunnensu, ga kuma layi a gefen jiki da ke jin motsin ruwa. Ni kuwa na shigo musu facal-facal kamar bijimin sa.

Da ƙyar na damƙi ɗaya da hannu. Ya sulale, farcena ya ɗan karce shi. Daga nan rafin ya zama kamar ba a taɓa halittar kifi a cikinsa ba.

Nan fa na ga damar burge yaro. Na hau wani dutse, na ɗaga yatsa, na ce, "Saurara ka ƙaru. A 1938 wani masani ɗan Ostiriya, Karl von Frisch, ya gano cewa idan fatar irin wannan kifin ta ji rauni, wani sinadari ne ke fita cikin ruwa, 'yan uwansa su shinshina su watse. Saboda haka duk mai ilimi..."

A kan "mai ilimi" ƙafata ta dama ta tafi. Gansakuka ce kore shar a kan dutsen. Ban faɗi nan take ba, da ma na faɗi. Sai da na yi ta wulwula hannuwa kamar mai korar tsuntsaye, ƙafar hagu ta bi 'yar uwarta, na cafko gidan sauron don in tsira, shi kuma ya lulluɓe ni, sannan na zauna daɓas a ruwan da ko gwiwa bai kai ba. Yatsan nan yana nan a sama. Wallahi ban san me ya hana ni sauke shi ba.

Akwai wani dattijo zaune a bakin rafin tun zuwanmu, kuma shi ne har yau ban yafe wa ba. Bai yi dariya ba, da ya yi da na huta. Kallona ya yi a tsanake ya ce, "Sannu Malam. Ka kama babba." Can kuma ya ƙara da cewa dutsen nan kowa ya san shi da santsi. Kowa ya sani! Yana gani na hau, yana gani na gyara tsayuwa, ya bari sai da na kai ƙasa. Na ce, "Baba, ai da ka yi magana." Ya ce bai so ya katse mini karatu ba.

Ina matse riga, yaron ya koma can sama kaɗan ya tsaya cak a ruwa, ya ɗan tona tsakuwa da yatsan ƙafa. Ƙananan tsutsotsi suka taso, sai ga kifayen sun dawo har suna tsattsakar ƙafarsa. Ya ce, "Kawu, cizona suke!" Na ce ba su da haƙori a baki, nasu a maƙogwaro yake. Ko kallona bai yi ba. Ya nutsa kwalba ta bayansu a hankali, ya ɗago da biyu.

Ɗaya cikinsa ja-ja ne, da 'yan fararen ƙuraje a ka. Dattijon ya leƙo ya ce namiji ne, lokacin ƙwai ya yi. Ni ma na karanta haka, amma na yi shiru.

Wayar tana wajen mai gyara. Takalmina ɗaya ruwa ya tafi da shi, na hagu.