Wai abin da ƙanena yake yi a Katsina shago ne

Abokin aikina ne ya faɗa, muna cin abincin rana a ofis a nan Talin, babban birnin Estoniya. Na nuna masa manhajar da ƙanena ya haɗa, wadda take riƙe wa 'yan kasuwa lissafin bashi: wa ya ɗauki buhun masara, yaushe zai biya, saura nawa. Ya latsa nan ya latsa can, ya yaba aikin, sai ya tambaya mutum nawa ke amfani da ita, kuma nawa ke ƙaruwa duk wata. Da ya ji amsa ya ce ai wannan shago ne, ba kamfanin fasaha ba. Ba izgili yake yi ba, su haka maganarsu take, ba kwana-kwana. Amma wallahi ta tsaya mini a rai.

Bari ku ji inda mai wannan magana yake zaune. Ƙasar gaba ɗaya mutum wajen miliyan 1.3 ne, ba su kai rubu'in mutanen jihar Katsina ba. Kowa da katin shaidarsa mai ɗan guntun ƙarfe a jiki, da shi ake sa hannu a takarda ta kwamfuta. Rajistar kamfani kana zaune a ɗaki za ka yi ta, galibi ba ta wuce yini guda. Tun 2014 ma suka buɗe wa baƙi, ko ba ka taɓa taka ƙasar ba kana iya kafa kamfani a cikinta. Ribar da ka mayar cikin sana'a ba a karɓar mata haraji, sai ranar da ka cire ta ka raba. Mazaunin Talin ba ya biyan kuɗin bas tun 2013. Akwai wata unguwa, Telliskivi, tsofaffin gine-ginen masana'antar jirgin ƙasa ne aka share aka zuba tebura. Za ka ga samari da 'yan mata jere da kofin gahawa, kowa da abin sauraro a kunne, ba mai ce wa wani uffan, wuta ko ƙiftawa ba ta yi.

Jarin ma ba daga sama ya faɗo musu ba. Injiniyoyin ƙasar ne suka rubuta Skype, manhajar kira ta intanet, a 2003, aka sayar wa kamfanin eBay na Amurka a 2005, waɗanda suka samu rabo suka dawo suna zuba wa na baya. Ma'aikacin Skype na farko, Taavet Hinrikus, yana cikin mutum biyun da suka kafa Wise, kamfanin tura kuɗi tsakanin ƙasashe, a 2011. Bolt ɗin da ake hawa a Legas da Abuja, Markus Villig ya fara shi a 2013 yana ɗan shekara 19. Ban raina musu ba, sun yi aiki. Amma wanda aka share wa hanya haka, ya ɗan sassauta baki in zai yi maganar wanda ke tafiya cikin ƙaya.

Shi ƙanena, maganar wuta ba sai na yi muku ba. Da ya tara ya sa sola, batir ya ci rabin jarinsa. A 2021, da aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13, har da Jibiya da Batsari, masu hulɗa da shi na can suka koma littafi da biro, wasu har yau ba su dawo ba. Kuma Alhajin da ke da rumfar hatsi ba zai ga talla a Facebook ya sauke manhaja ba. Sai ka je da ƙafarka, ka cire takalmi, ka gaishe shi, ka jira ya gama ciniki. Tambayar farko: "Kai ɗan wane ne?" In ya gane gidanku sai ya kira yaron shago ya ce, "Zo ka ga abin da wannan ya kawo." Wata na farko kyauta, na biyu "Allah ya kai mu", na uku ne za a fara ganin kuɗi. Amma wanda ya shiga ya shiga, kuma shi zai kawo maƙwabcinsa. Kamfanoni nawa na gani a nan da suka tara masu amfani dubbai da kuɗin masu zuba jari, jarin na ƙarewa aka rufe? Nasa kuwa, duk nairar da ta shigo, mai biyan ya san abin da ya saya.

Na sani muna da namu laifin. Aljihun kamfani da na gida ɗaya ne, suna ko jinya sai a taɓa jari. Ba ma son haɗin gwiwa, kowa na tsoron a cuce shi. Masu kuɗinmu fili da gidan mai suka sani, ka ce su sa a abin da ba a gani sai su yi maka kallon mai yaudara. Dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha, Buhari ne ya sa mata hannu a 2022, mutumin Daura, amma ka tambayi samarin da ke haɗa manhaja a Daura ko sun san ana rajista a ƙarƙashinta. Da kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet da ke Legas, sama da dala miliyan 200 a 2020, Legas ce ta yi biki.

Sai dai wannan taɓa jarin da ake zarginmu da shi, da shi aka biya kuɗin makarantata, daga shagon kawunmu. Da batirin ƙanena ya mutu, wani daga cikin Alhazan nan ne ya biya masa kuɗin shekara tun kafin lokaci, ba takarda ba shaida. Ni a nan ina rubuta manhaja ga mutanen da ban taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu duhu ya rufe, maƙwabcina ko sunansa ban sani ba, in muka haɗu a matakala sai ya kalli ƙasa.

Ƙanena ya kira ni kwanan baya ya ce, "Yaya, ko in nemi hanyar tahowa wajenka ne?" Na ce masa ya zauna. Na tura masa kuɗin batir na biyu, na ce ya rubuta su a matsayin hannun jarina, kuma ya fara duba mana ofishin da zai ɗauki tebur biyu wajen Ƙofar Kaura.