Ku daina ƙirga injuna, ku ƙirga marasa lafiya

To madalla. An sake fito mana da rahoton "gagarumar nasara" a gyaran tsarin kula da masu ciwon daji, kuma kamar kullum abin da ke ciki shi ne an gina cibiyoyi kaza, an sayo injin gashi (mai ƙona ƙwayoyin cutar da haske) kaza, an yi taron bita kaza. Sai tafi raf-raf. Jama'a, wannan rasit ɗin sayayya ne.

Abin da ake tambayar kowane gyara shi ne me ya sauya ga mara lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni uku a shirinta na sankarar mama da ta ƙaddamar a 2021: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 tun cutar tana mataki na 1 ko na 2, a gama binciken tabbatar da ita cikin kwana 60 da zuwan mace asibiti, sannan kashi 80 su kai ƙarshen magani ba su yanke ba. Ku nuna min ko ɗaya a rahoton nan.

Wani zai ce ai sayen inji ma ci gaba ne. Na ji. Kusan rabin masu ciwon daji suna buƙatar gashi, ba musu. Amma inji yana son wuta mara yankewa, da ƙwararren da zai riƙa auna ƙarfin haskensa, da kwangilar gyara. Mai sankarar bakin mahaifa ana so ta gama gashinta, na waje da na ciki, cikin mako 8. In inji ya lalace mako 3 a tsakiya, ƙwayoyin cutar da suka rage sun samu sararin sake hayayyafa. A rahoto kuwa injin yana nan daram, an ƙirga shi.

Ku dubi Denmak. Daga 2008 suka shimfiɗa wa kowane nau'in ciwon daji hanya mai wa'adi, daga zargin likita zuwa fara magani. Rajistarsu tana aiki tun 1943, tana rubuta duk mai cutar a ƙasar, har wanda bai taɓa isa babban asibiti ba. Da suka bi diddigi sai suka ga masu alamomi marasa kan gado, irin rama da kasala, ba sa shiga hanyar, suka buɗe musu tasu a 2012. Ingila ta ce kashi 85 su fara magani cikin kwana 62 daga ranar da likita ya tura su da gaggawa. Tun 2015 ba ta sake cika wannan ba, amma kowane wata tana buga alƙaluman kowa ya gani. Abin kunya ne, amma an san girman ramin.

Kuma ko an kawo muku "masu rayuwa shekara 5 sun ƙaru", kada ku yi saurin guɗa. A gano mace da cutar tana shekara 50 ta rasu tana 53, ko a gano ta tana 47 ta rasu tana 53 ɗin, a takarda ta biyun ta haye shekara 5, alhali ko kwana ɗaya ba a ƙara mata ba. Shi ya sa ake haɗawa da yawan mace-mace a cikin al'umma, bayan an yi la'akari da bambancin shekarun mutane. Rajistar asibiti kaɗai ba ta isa ba, don wadda kuɗin mota ya hana ta dawowa ba ta fitowa a ciki, sai dai a rubuta "ba a sake ganinta ba". Wallahi ita ce ta fi cancanta a ƙirga.