Tattabarun Alhaji Tanko

ALHAJI: Kai, Ɗanboko! Sauke wannan tabarau mai ƙaho biyu daga kan tattabaruna, kada ka sa musu kambun baka.

ƊANBOKO: Kawu, madubin hangen nesa ne. Kuma waɗancan ba tattabaru ba ne, hasbiyoyi ne.

ALHAJI: A gidana?

ƊANBOKO: A kan kwanon gidanka dai. Dubi jar fatar da ta kewaye musu ido. Dubi fararen ɗigo-ɗigo a fukafukai, kai toka-toka, baya ja-ja. Tsuntsun daji ne. A kan giginya yake sheƙa, in bai samu ba ya raɓe a saman gini.

ALHAJI: Jan idon na rashin barci ne. Yau kwana nawa babu wuta a Domayo? Ni ma duba nawa idon.

(Idon Alhaji kam ja ne. Wutar ma gaskiya babu. Abin da bai taɓa ɗaukewa ba a unguwar shi ne takardar biyan kuɗinta.)

ƊANBOKO: To ɗigon fa?

ALHAJI: Furfura ce. Tun 2008, shekarar da aka kafa Jami'ar Marwa, na sayo kakanninsu a kasuwa ranar Litinin. Guda biyu, kuɗi hannu.

HAJIYA (daga madafi): Farare ne waɗanda ka sayo, Alhaji. Ɗaya muzuru ya cinye, ɗaya muka yi maka farfesu da kake zazzaɓi.

ALHAJI: Sun bar ƙwai!

HAJIYA: Duka biyun maza ne.

ALHAJI: Ikon Allah ya wuce haka. Ke ji da tukunyarki. Kai kuma, me kake rubutawa?

ƊANBOKO: Aikin makaranta ne, Kawu. An ce kowa ya rubuta duk tsuntsun da ya sauka a gidansu daga asuba zuwa hantsi.

ALHAJI: Makarantar namun dajin nan ta Garwa?

ƊANBOKO: Ita. Tun 1970 take, har daga wasu ƙasashe ake zuwa karatu.

ALHAJI: Wato mutum ya hau jirgi, ya baro uwarsa, ya zo ya koyi abin da yaro mai danƙo ya sani kyauta. Rubuta: tattabarun Alhaji Tanko, guda tara.

ƊANBOKO: Goma sha ɗaya ne.

ALHAJI: Ka gani? Har sun ƙaru muna tsaye. Ga autarsu can ma a gindin turmi, ita ce ba ta cika lafiya ba.

ƊANBOKO: Waccan kurciya ce, Kawu. Ba ka ga ta fi ƙanƙanta ba, ga doguwar jela, ga zanen baƙi-baƙi a gaban wuya? Idonta ba ja. Sheƙarta tana kan dalbejiyar nan. Ɗago kai ka gani, 'yan tsinkaye ne kawai ta gitta, har kana hango ƙwai biyu ta ƙasa.

ALHAJI (ya ɗaga kai, ya riƙe hula): Wannan ɗan kwangila ta bai wa aikin. Kafin ruwan farko ya rushe, a sake ware kuɗi.

(Ana cikin haka wata inuwa ta gifta tsakar gida. Kaza ta yi kururuwa, tsaki bakwai suka koma shida.)

ƊANBOKO: Shirwa! Ka lura da jelarta mai baki biyu? Da ita ake gane ta ko tana can ƙololuwa.

ALHAJI: Wannan kada ka rubuta ta a nawa. Ta hukuma ce. Ba ta sallama, ba ta ba da rasit.

HAJIYA: Wancan mai dogon jan baki da ke tsalle a bayan rumbu fa, shi ma naka ne?

ALHAJI: Cilakowa? Ai yarona ne. A hannuna ya tashi.

ƊANBOKO: Kawu, ka san yadda yake aure? In damina ta zo, macen takan shiga kogon itace, a liƙe ƙofar da laka da kashi, a bar 'yar tsaga siririya. A ciki za ta yi ƙwai, a ciki za ta kwanta, ba ta fita.

ALHAJI: Allahu akbar! Hajiya, fito ki ji. Tsuntsu ma ya san kulle. Ba biki, ba suna, ba adashi. Na gaya muku tarbiyyar gidan nan ce. Ci gaba, ɗana, yau na ga amfanin boko.

ƊANBOKO: Shi kuma namijin, tun safe har faɗuwar rana yana jigila. Ya kamo fara, ya miƙa ta tsagar. Ya samo gara, ya miƙa. Ya dawo da ƙwaro, ya miƙa. Makonni yana haka, rana ɗaya ba fashi, don in ya yi fashi ita da 'ya'yan sun kwana da yunwa.

HAJIYA (ta fito da muciya a hannu): Maimaita wurin nan, Ɗanboko. Rana ɗaya ba me?

ƊANBOKO: Ba fashi, Hajiya.

HAJIYA: Ba ya cewa kasuwa ta yi sanyi? Ba ya cewa a yi maneji da na jiya?

ALHAJI: Da na sake dubawa, wannan ba shi ba ne. Baƙo ne. Kore shi, yana ɓata mana tarbiyya.

ƊANBOKO: To waccan ƙatuwar sheƙa ta kan tsamiya?

ALHAJI: Ta shamuwata ce. Ta tafi Umra.

ƊANBOKO: Kudu ta yi, Kawu. Da ruwa ya ɗauke a nan sai ta bi damina da fara har Tanzaniya da Zambiya, wasu har Afirka ta Kudu. Sai gab da saukar ruwanmu take dawowa ta yi ƙwai. Shi ya sa manoma da sun gan ta suke gyara fartanya.

ALHAJI: Har Zambiya? Da wace takarda?

ƊANBOKO: Tsuntsu ne fa.

ALHAJI: Ni da nake mutum, daga nan zuwa Mora sai an sauke ni a kowane shinge. Takardar wucin gadin nan tawa an buga mata tambari gaba da baya har babu wurin bugawa, katin shaidar ɗan ƙasa bai fito ba. Ita kuma ta ƙetare ƙasa da ƙasa ba wanda ya ce ta kawo na goro? Ƙarya ne. Umra ta tafi, kuma ni na biya.

(Sallama daga zaure. Goggo Ladi ce maƙwabciya, da faifai a hannu. Kowa ya san Goggo ba ta shiga gidan mutane da faifai don alheri.)

GOGGO: Alhaji, ta katanga na ji kana cewa masu jan idon nan naka ne.

ALHAJI: Tun kakanninsu.

GOGGO: Madalla. Geron da na shanya jiya, tiya uku, ga abin da suka rage mini.

ƊANBOKO (cikin raɗa): Kawu, ga ƙofa ta buɗe. Ce mata hasbiyoyi ne, na Allah ne, ba mai biya.

(Alhaji ya dubi faifai. Ya dubi kwano. Ya dubi Hajiya, wadda ta jingina da bango tana jira. Gumi ya tsatso masa duk da sanyin hunturu. Jama'a, na ga mutane sun shiga tsaka mai wuya, amma ban taɓa ganin wanda aljihunsa da girman kansa suka kama kokawa a fili irin wannan ba.)

ALHAJI: Nawa ne geron?

GOGGO: Jaka biyu.

ALHAJI: Ungo jaka biyu da rabi. Dabbar babban mutum ba ta cin bashi. Kuma ki gaya wa mutanen unguwa na wane ne suka ci.

(Ta kuwa gaya musu. Goggo ba ta taɓa riƙe saƙo ya kwana ba. Kafin la'asar sai ga Jauro daga Salak, da sanda a kafaɗa da zangarniyar masakwa a hannu, babu ƙwaya ko ɗaya a jikinta.)

JAURO: Aradu, Alhaji, an ce tsuntsayen ƙasar nan naka ne, kuma kana biya.

ALHAJI: Su nawa suka shiga gonar?

JAURO: Wa ya ƙirga? Da suka taso rana ta ɓace. Yarana tun asuba suna kaɗa gwangwani, muryarsu ta dushe. Gona guda, aradu, kafin azahar sai kara.

ƊANBOKO: Jan baki ne, Kawu. Ƙanana ne, ba su kai rabin kurciya ba, amma dubbai suke tafiya. A Cadi da raga ake kama su da dare, a soya, a kai kasuwar Njamena.

JAURO: Buhu goma sha biyu nake samu a wurin.

ALHAJI: Tsaya, Jauro. Jan nan nasu, a ina yake? A ido ko a baki?

JAURO: A baki.

ALHAJI: A baki! Ka tabbata? Ba fatar da ta kewaye ido ba? Akwai fararen ɗigo a fukafukai? Kai toka-toka? Suna sheƙa a giginya?

JAURO: Ni ban tambaye su inda suke kwana ba.

ALHAJI: Ai ka ji matsalar mutanenmu, ba a bambance tsuntsu da tsuntsu. Kai, Ɗanboko, me kake jira? Buɗe masa littafin nan, shafin mai hoto. Ba shi tabarau ɗin ma ya duba da kyau.