Kafin a zana sabuwar taswirar Kartum, a tambayi waɗanda ruwa ke shiga ɗakunansu

Tun da sojojin Sudan suka karɓe Kartum daga hannun dakarun RSF a watan Maris na 2025 jama'a ke ta komawa gida, daga Kasala, Gadarif, Bur Sudan, har da Masar. Sun tarar da wata magana tana jiransu: za a sake gina birnin, za a tsara shi, za a kawar da abin da hukuma ke kira sakan ashwa'i, unguwannin da aka gina ba da izini ba. Har an fara rusau a wasu gefunan gari. Babu mai hankalin da zai ce Kartum ba ta bukatar tsari. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kulle ofis a ja layi a kan takarda, sai ranar da katafila ta tsaya a ƙofar gida mai gidan ya san layin ta kansa ya bi. An daɗe ana yin haka a garin nan, kuma duk damina ruwa yana tona asirin aikin.

Kartum shimfiɗe take, ƙasarta laka ce mai wuyar shanye ruwa, kuma ta fuska biyu ambaliya ke zuwar mata. Akwai cikar Nilu, akwai kuma ruwan da ke gangarowa ta kwaruruka, waɗanda muke kira hor, da sukan shekara a bushe har mutum ya manta da su. A watan Agustan 1988 an zuba ruwan da ya haura milimita 200 cikin dare ɗaya, fiye da abin da birnin ya saba samu a shekara guda, dubban ɗaruruwan mutane suka wayi gari ba muhalli. A 2013 ruwan kwaruruka ya share gidaje a Sharƙ an-Nil, yankin gabashin Nilu. A 2019 Nilu ya shiga Wad Ramli, arewa da Bahri, wato Kartum ta Arewa. A 2020 Shuɗin Nilu ya haura mita 17.6 a Kartum, tsayin da ba a taɓa aunawa ba, sama da mutum 100 suka rasu a faɗin ƙasa, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku. Masana yanayi sun bayyana cewa iska in ta ƙara zafi tana ɗaukar danshi mai yawa, ta kuma sauke shi gaba ɗaya. Duk wanda zai gina Kartum yau, da irin wannan ruwa zai yi lissafi.

Wanda bai zauna gidan jalus, wato ginin laka, ba ba zai gane abin da kwanciyar ruwa take yi ba. Ginin ƙasa yana iya jure marka daga sama in an yi masa yaɓe. Abin da ke kashe shi shi ne ruwa ya kwanta a gindin katanga kwana biyu ko uku. Sai ka ga gindin ya yi duhu, ya yi laushi, ka danna yatsa ya shige, can cikin dare ɗaki ya zauna a kan mutane. A unguwar da na tashi, kudancin gari, an taɓa yi mana titi, aka ɗaga shi sama da dokin ƙofofinmu. Dattawa suka je suka nuna wa ma'aikatan inda ruwa ke ratsawa tun suna samari, suka roƙi a sa kwalbati. Aka ce ba ya cikin zane. Da damina ta kama, titin ya tare ruwan ya mayar da shi cikin gidaje, sai da samari suka fito da diga da shebur cikin dare suka fasa kwaltar da aka kashe wa kuɗi masu yawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da an saurari dattawan nan na rabin sa'a, da titi ya tsira, da ɗakuna sun tsira.

Ba sai mun je nesa neman shaida ba, ga tsibirin Tuti nan a mahaɗar Nilu biyu. Tun ambaliyar 1946, lokacin da mutanen Tuti suka ƙi barin tsibirinsu suka tsaya suka kare shi, suke da tsarin da ake kira taya. In kogi ya fara cika sai a raba gaɓar kashi-kashi, kowane kashi da masu gadinsa dare da rana. Suna duban tashin ruwa, suna cika buhuna da yashi, da zarar wuri ya fara ɓallewa sai a yi shela kowa ya rugo. A 2015 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da rage haɗarin bala'o'i ta karrama Tuti saboda wannan aiki. Ba injiniya ne ya ƙirƙiro shi ba, kuma babu injiniyan kirki da zai raina shi. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya sake nuna haka. Da ofisoshi suka rufe, matasan unguwanni ne suka buɗe ɗakunan agajin gaggawa, aka ɗora tukwanen takaya, wato girkin sadaka na unguwa, ana ciyar da jama'a, aka san gidan da ke da tsohuwa marar lafiya da gidan da marayu suke. Mutanen da suka riƙe unguwa a ƙarƙashin ruwan harsashi ba za a ce ba su isa a tambaye su inda magudanar ruwa za ta bi ba.

Mu Hausawan Sudan wannan magana ta fi shafarmu. Kakanninmu sun kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu tun farkon ƙarnin da ya wuce, bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu kuma hanyar Makka ce ta ajiye su a nan. Mun yi noma a Jazira, mun yi kamun kifi a kogi, mun cika kasuwanni. Duk da haka da yawa daga cikinmu har yau a kan hiyaza suke zaune, wato riƙon fili ba rajista, ba su da shahadar bahas da ke tabbatar da fili nasu ne. Mutanen unguwar Ishash Fallata an tashe su daga tsakiyar gari a shekarun 1990 aka kai su Ingaz, kuma duk wanda ya san kudancin Kartum, daga Mayo zuwa kewayenta, ya san yadda ruwa ke kwanciya can da damina, sauro da zawo su biyo baya. In aka ce masu takarda kaɗai za a saurara, an cire mafi yawan waɗanda ruwan ke ci kenan tun ba a fara zama ba. Rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022, da ya ci ɗaruruwan rayuka, ya isa ya tuna mana abin da ke faruwa in aka bar maganar ƙasa tana ruɓewa ba a zauna an warware ta ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce lokaci ya ƙure, baitulmali ba kuɗi, taron jama'a kuma surutu ne. Za a ce kwamitocin unguwa sun sha zama karnukan farautar masu mulki, kamar yadda aka gani da lijan sha'abiyya a zamanin mulkin Umar al-Bashir. Wannan na ƙarshe gaskiya ne, shi ya sa dole jama'a su zaɓi wakilansu da kansu a bainar jama'a, a kuma sauya su in sun ci amana. Batun lokaci kuwa, zaman mako biyu da mutanen unguwa bai kai tsadar fasa titi ba. Kuma ban ce duk abin da jama'a suka so shi za a yi ba. Akwai gidajen da ke tsakiyar hor, babu dabarar da za ta cece su, tashi ya zama wajibi. Amma a gaya wa mai gidan dalili, a nuna masa sabon fili da takardarsa, a kai ruwan sha da makaranta da motar haya wurin kafin a taɓa katangarsa, kuma kada a tashe shi ana tsakiyar damina.

Abin da nake nema daga mahalliyya, wato ƙaramar hukuma, da ma'aikatar tsare-tsare ba shi da wuya. A kawo zanen unguwa a manna a masallaci da kasuwa kafin a sa masa hannu. Injiniya ya sauka daga mota ya zaga da ƙafa tare da mazauna, a nuna masa tabon ruwan 2020 a jikin katangu. Duk ƙorafin da aka ƙi karɓa a rubuta dalili. A kira mata musamman, domin su ke kwana suna kwashe ruwa da bokiti, su suka san ramin ban-ɗakin da ke cika ya gurɓata rijiya. Wanda Larabcin ofis ke yi wa nauyi a bar shi ya yi bayani da Hausa a fassara.

Mu ma da namu aikin. Mun saba jin an kira taro mu ce na gwamnati ne, mu zauna gida. Limamai da sarakunan Hausawa da matasanmu masu ilimi su tashi tun yanzu su rubuta gida-gida: wane ne a ciki, tun yaushe, wace shaida yake da ita, ko da rasidin wuta ne, kuma ina ruwa ya kai a damunar da ta fi muni. A ajiye kwafi a masallaci, a kai wa mahalliyya kwafi, a karɓi hatimi kafin damina mai zuwa.